Kunun Bature a Kwanon Hajiya

A cikin abincinmu na yini, karin kumallo ne ya fi saurin sauya kama, kuma yakan yi hakan ba tare da an zauna an yi shawara ba. Tuwon dare yana nan inda kakanni suka bar shi, shinkafar rana ta daɗe da samun gindin zama, amma kwanon safe kullum da baƙon da yake karɓa. A shekaru arba'in da 'yan kai da na yi a duniya, na riski zamanin da ɗumamen tuwo da man shanu ke tashin gida, na ga koko da ƙosai suna mulki, na ga shayi da burodi sun kafa tebur a kowace kwana, sannan taliyar Indomie ta zo ta janye mana yara. Wanda ya bi titin Kotu a Gyaɗi-Gyaɗi bayan sallar Asuba, ko ya tsaya daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, zai tarar da waɗannan zamunna duka a jere, kowanne da masu sayensa. Ga mai koko da bokitinta da ludayi, ga mai ƙosai tana fama da hayaƙi, ga mai shayi ya jera gwangwanaye kamar ganuwa, ga kuma masu jinya riƙe da filas suna jiran layi ya zo kansu.

Baƙon da nake son yin magana a kansa bai sauko bakin titi ba tukuna. A kantuna yake zaune, cikin gwangwani ko leda mai hoton wani dattijon Bature da faffaɗar hula. Turawa suna ce wa hatsin ots. Mu kuwa, da yake mun saba raɗa wa kaya sunan kamfanin da ya fara kawo mana shi, kamar yadda kowane garin wanki ya zama omo, kowane dunƙulen miya ya zama magi, sai muka ce masa kweka, daga sunan Quaker, kamfanin Amurka da aka kafa a 1901, wanda PepsiCo ya saye a 2001. Hatsi ne na ƙasashen sanyi, Kanada da Rasha ne kan gaba wajen noma shi, kuma duk inda aka zuba shi a gwangwani, ƙwayarsa ba daga gonakinmu ta fito ba.

Ta hanyar rashin lafiya ya shigo gidana, kamar yadda nake zaton ya shiga gidaje da dama a nan Tarauni. Mahaifiyata, wadda muke kira Hajiya, tana zaune tare da mu tun bayan rasuwar mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. Shekaru uku da suka wuce gwaji ya nuna tana da ciwon suga. Da likitar ta tambaye ta abin da take karyawa da shi, sai ta ce koko, kofi biyu, kowanne da sukari cokali uku, kuma haka take yi tun kafin a haifi likitar. Likitar ba ta raba ta da koko ɗungurungum ba, ta dai ce a rage yawansa, a cire sukarin, sannan ta ambaci kweka a cikin abubuwan da za a iya gwadawa.

Ranar farko aka dama mata shi da ruwa zalla. Ta kai cokali ɗaya baki, ta ture kwanon gefe. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana, idan kuma tana son zolaya sai ta kira ni Daktan da ba ya allura, saboda digirina na uku a fannin tarihi ne.

Ta ce, "Kai Daktan da ba ya allura, wannan ai dusa ce aka jiƙa. A garinmu awaki ake ba irinta."

Na ce, "Hajiya, a daure, magani ne."

Ta ce, "To in magani ne a ba ni shi a ƙwaya in haɗiye da ruwa."

Mun yi dariya, amma abin ya wuce na dariya. Kwana biyu sai ta soma tsallake karin kumallon baki ɗaya, alhali tana shan magani, kuma wasu magungunan suga idan aka sha su ciki ba komai sukan sa sukarin jini ya faɗi ƙasa, wanda shi ma haɗari ne babba. A wasu ranakun kuma sai mu ga jikarta ta zame ta ƙofar baya da kofi a cikin hijabi, ta dawo da kokon maƙwabta wanda aka riga aka zuba wa sukari. Duk mai jinyar tsoho ya san wannan hali. Abincin da mara lafiya ya ƙi ci, komai yawan amfanin da aka rubuta a jikin gwangwaninsa, ba shi da maraba da wanda ba a saya ba.

Uwargida ce ta samo bakin zaren, kuma a cikin kayan shayinta ta same shi. Takan ɗora ruwa kofi ɗaya da rabi a ƙaramar tukunya, ta jefa ɓawon kirfa kamar tsawon ɗan yatsa, da kanumfari ƙwaya biyu, da 'yar citta, ta bar su su tafasa har ruwan ya yi ja-ja, ƙamshi ya game gida. Sai ta tsame su, ta zuba kweka rabin kofi da gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ta rage wuta, ta yi ta juyawa kamar minti biyar har ya yi kauri. Kada mai karatu ya raina gishirin nan, domin idan babu shi kunun yakan fito lami ko da an cika shi da zaƙi. Bayan an sauke sai a zuba madara kaɗan, da gyaɗa soyayya da aka ɗan daka, da dabino ƙwaya ɗaya yankakke ƙanana a kwanon Hajiya. Mu masu sauran lafiya mukan sa biyu ko uku, yara kuma ayaba ko ɗan gutsuren mazarƙwaila. Takan kuma zaɓi kweka mai kaurin ƙwaya, ta guji wanda aka niƙe ya yi laushi don a dama shi nan take, saboda gwargwadon laushinsa gwargwadon saurin da yake narkewa ya koma sukari a jiki.

Hajiya ta shanye kwanon ranar, ba ta ce uffan ba, wanda a wurinta yabo ne. Sirrin abin shi ne hanci yana riga harshe. Ƙamshin kirfa yana sa mutum ya ji kamar akwai zaƙin da babu shi, sai dabino ɗaya ya yi aikin cokali uku. Ba kuma wani sabon ilimi uwargida ta ƙirƙiro ba. Matanmu sun daɗe da sanin cewa citta da kanumfari da masoro da kimba su ne ke tashin kunu, ita dai ta sa wa baƙo rigar gida ne kawai.

Ita kanta kirfar baƙuwa ce, sai dai ta daɗe a gari har an manta. Sunanta daga Larabci muka aro shi, kamar na kanumfari. Ɓawon wata bishiya ce, kuma mafi daraja a cikinta tsibirin Siri Lanka ne mahaifarta. Fataken Larabawa sun shafe ƙarnoni suna kai ta Misira da Turai, har Turawan Fotugal suka gano tushenta a farkon ƙarni na 16 suka mamaye cinikin. Mutanen Holan suka kore su a 1658, Ingilishi kuma suka karɓe a 1796. Dauloli uku ke nan suka yi ta zubar da jini a kan ɓawon itacen da yau nake saya na 'yan kuɗi kaɗan a rumfunan 'yan koli na Kasuwar Kurmi, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wadda ta hanyarta kayan ƙamshi irin waɗannan suka saba shigowa ƙasar Hausa a bayan raƙuma.

Akwai abin da ya kamata a faɗa a nan, domin na ga yadda ake tallata kirfa a wasu shagunan magungunan gargajiya da kuma a saƙonnin WhatsApp, ana cewa tana warkar da ciwon suga. Binciken da aka yi a kan haka sakamakonsa ya saɓa wa juna, kuma ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ba ta amince da ita a matsayin magani ba. Wanda ya ajiye ƙwayar da likita ya rubuta masa ya koma shan ruwan kirfa, da ransa yake wasa. Bayan haka, kirfa iri biyu ce a kasuwa. Ta Siri Lanka siririya ce, an naɗe ta falle-falle, launinta bai yi duhu ba, kuma tana marmashewa a hannu. Ɗayar, wadda ake nomawa a Sin da Indonesiya da Biyetnam, ɓawo ɗaya ne mai kauri da tauri, ja mai duhu, kuma ita na fi cin karo da ita a kasuwanninmu. Wannan ta biyun tana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa ke iya taɓa hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade kada abin da mutum ke ci na sinadarin a rana ya wuce miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin jikinsa. Ɗan ɓawon da aka tafasa aka tsame ba abin tsoro ba ne. Cokali-cokali na garinta safe da yamma, wata da watanni, shi ne abin gudu.

Shi kuwa sukari, wanda shi ne ainihin mai laifi a wannan labari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa kada wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a yini, kuma zai fi kyau ya sauka ƙasa da kashi 5, wato kimanin giram 25, ko ƙaramin cokali shida. Lissafin Hajiya na kofi biyu cokali uku-uku ya cinye kason yini kafin hantsi ya ɗaga. Ku tsaya wajen mai shayi ku ƙirga abin da yake zubawa a kofi ɗaya. Zuma da mazarƙwaila ma da ake gudu gare su, a wurin jinin mai ciwon suga duk kanwar ja ce.

Wata rana wani abokin aikina, mutum mai kishin ƙasa da kaifin harshe, ya tarar da ni a ofis ina buɗe filas. Da ya leƙa ya ga abin da ke ciki sai ya ce, "Haba Dakta, kai da kake koya wa ɗalibai tarihin mulkin mallaka, ashe shi kake sha da safe? Ina gero, ina dawa, ina acca?" Na zuba masa kofi guda, ya shanye, ya ci gaba da faɗa. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake ganin ta cancanci amsa mai tsawo fiye da wadda na ba shi a tsaye.

Da farko dai, batun asali ba ya kai mu ko'ina. Gyaɗar da ke cikin kunun gyaɗa da barkonon da ke cikin yajinmu daga nahiyar Amurka suka zo, masara ma haka, kanumfari kuma asalinsa tsibiran Indonesiya ne. Idan za a tace kokonmu da matacin asali, gero da ruwa ne kawai za su saura, sai ɗan masoro da kimba. Sannan shi kansa kweka ba ɗan sarauta ba ne a garinsu. Abincin talakawan ƙasashen da alkama ba ta yi musu kyau ne, har marubucin ƙamus ɗin Ingilishi, Samuel Johnson, ya yi wa mutanen Sikotilan shaguɓe a 1755 da cewa abin da ake ba dawaki a Ingila shi suke ci. Hajiya ba ta taɓa jin sunan mutumin ba, amma hukuncinsu ya zo ɗaya. Har gobe kaso mai yawa na wannan hatsi dabbobi ake nomawa. Abin tambaya shi ne yadda abincin doki ya tsallake teku ya zauna a kantunan titin Gidan Zoo da daraja, alhali gero, wanda aka fara nomawa a wannan yanki namu na Sahel fiye da shekaru 4,000 da suka wuce, yana zube a buhu a Dawanau yadda kakanninmu suka san shi.

Abu biyu aka yi wa kweka. Na farko, ba a raba shi da dusarsa ba. Ana cire masa ƙaiƙayi ne kawai, sai a turara ƙwayar a latse ta da injin murza ta yi fale-fale. A cikin dusar nan da abin da ke ƙarƙashinta akwai wani sinadari mai yauƙi da masana ke kira beta-gulukan, wanda ke rage kitsen da ke toshe jijiyoyin jini, yake kuma jinkirta shigar sukari cikin jini. A 1997 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da izinin a rubuta wannan amfani a jikin kwali, bisa ƙiyasin giram 3 a rana, daga nan kuwa kasuwa ta buɗe. Mu kuma me muke yi wa gero? Mu surfe shi, mu bakace, mu wanke, mu markaɗa, mu tace, abin da ya tsaya a mataci mu kai wa tumaki. Idan aka gama, gasarar da ta kwanta galibinta sitaci ne, sai kuma mu bi ta da sukari. Jiƙon da tsamin da koko ke yi suna da nasu alfanun, domin suna taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen da ke cikin gero, kuma iyayenmu ba su yi wauta ba da suka tace, tunda koko abincin yaye ne da na mara lafiya da ke buƙatar abu mai laushi. Sai dai sun tsara shi ne domin mutanen da za su wuni a gona ko su taka daga Tarauni zuwa cikin birni da ƙafa. Jikokinsu a kujera suke wuni.

Abu na biyu shi ne lokaci, kuma a nan ne nake ganin abokina bai yi adalci ba. Kokon gida aikin kwana biyu ne. A jiƙa gero ya kwana, a wanke a rege, a ɗauki bokiti zuwa wajen mai markaɗe, a yi addu'ar a same shi da wuta ko da man janareta, a dawo a tace, a jira ya kwanta ya yi tsami, sannan a tsiyaye a dama. A dā gida yana da hannuwa da yawa, kishiyoyi da surukai da 'yan mata, aikin yana rabuwa. Gidana a yau mace ɗaya ce babba mai ƙarfi, ita ma malamar sakandare ce da dole ta sa hannu a rajista kafin ƙarfe takwas, ga yara uku da za a shirya, ga ni da zan ratsa gadar Dangi in keta gari kafin lacca ta farko. A irin wannan safiya, abin da ke nuna cikin minti biyar ya riga ya ci zaɓe. Na lura mazan da suka fi ɗaga murya a kan komawa abincin gargajiya yawancinsu ba su taɓa riƙe bakin mataci ba. Abin da matan Gyaɗi-Gyaɗi ke biya idan sun sayi gwangwanin nan, rabinsa kuɗin barcin da za su ƙara ne bayan Asuba.

Inda abokina ya yi gaskiya shi ne wajen aljihu. Tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, da watan Yuni da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Duk abin da ke zuwa ta jirgin ruwa ya bi dala. Ranar da na tsaya a Kasuwar Tarauni na lissafa, kuɗin gwangwani ɗaya mai rabin kilo ya kusan sayen tiyar gero, wadda ta ninka shi nauyi sau huɗu ko biyar. Albashin malamin jami'a kowa ya san inda ya tsaya. Idan ni da nake karɓar wani abu a ƙarshen wata na ji nauyin, ina ga ɗan fansho ko mai gadi da likita ya ce masa ya koma shan kweka? Shawarar lafiya da ba ta dubi aljihun mara lafiya ba, a bakin ƙofar asibiti take tsayawa.

Wannan ne ya sa muka gwada yi wa gero abin da Bature ya yi wa hatsinsa. Aka wanke shi ba tare da surfe ba, aka rege, aka shanya, aka kai inji aka ɓarza shi tsaki-tsaki. Da dare a jiƙa rabin kofi, da safe a zuba a ruwan kirfar nan, cikin minti goma zuwa sha biyar ya nuna. Ɗanɗanonsa ya fi na kweka nesa ba kusa ba, yana kuma riƙe ciki har Azahar. Matsalar da ta ɓullo ita ce ta ajiya. Kowace uwargida ta san garin gero ba ya jure zama, kwanaki kaɗan sai ya soma ɗaci da warin tsohon mai. Dalili shi ne gero yana da ɗan maiƙo, kuma da zarar an fasa ƙwayar, wani sinadari da ke cikinta yakan fara lalata maiƙon. To, ashe shi ma kweka haka yake, har ma ya fi yawancin hatsi maiƙo. Turarawa da gasawar da ake yi masa a masana'anta su ne ke kashe wannan sinadari, shi ya sa yake wata da watanni a kanti bai canja ba. Da uwargida ta riƙa turara geron a madambaci kamar za ta yi dambu, ta shanya, ta ɗan soya shi sama-sama kafin a kai ɓarji, sai ya riƙa yin makonni a kwalba lafiya lau.

Gaskiya ce gero ba shi da sinadarin nan mai yauƙi irin na kweka, don haka ba zan ce wa mai fama da kitsen jini ɗaya suke ba. Amma ya fi shi sauƙin samu, yana da sinadarin ƙarfe mai yawa, yana jure fari da zafin da hatsin Kanada ba zai kwana ɗaya a cikinsa ba, kuma idan aka bar masa dusarsa yana narkewa a hankali. Tazarar da ke tsakanin buhun Dawanau da gwangwanin kanti ba ta wuce injin cire tsakuwa, da tukunyar turare, da injin latsewa, da leda mai kyau ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne kusan duk masu ilimin wannan aiki maƙwabtanmu ne. Cibiyar ICRISAT, wadda duniya ta sani da binciken gero da dawa da gyaɗa, ofishinta na Najeriya yana kan titin Sabo Bakin Zuwo a nan Tarauni, tafiyar 'yan mintuna daga gidana. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin inganta irin gero a ƙasa, kuma manomanmu sun san irin Sosat da ke nuna da wuri. Kamfanin Dala Foods na nan Kano ya daɗe da nuna cewa ana iya zuba garin kunun tsamiya a leda a sayar wa ma'aikaci mai sauri. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa, bisa shawarar Indiya, ƙasar da yau ake sayar da latsattsen gero a kwali a kantunanta. Najeriya da Nijar suna cikin manyan masu noma shi a duniya, amma shekarar ta zo ta wuce mu da 'yan tarurruka. Ƙoƙarinmu ya fi yawa a gona, wajen iri da taki, sai ya yi rauni daga bakin rumbu zuwa tukunya.

Mu ma na jami'a da namu kason. Duk shekara ɗaliban sashen kimiyyar abinci a jami'o'inmu suna rubuta kundayen kammala karatu a kan sarrafa gero da dawa da acca, a ɗaure su da baƙar fata, a jera a kanta, ƙura ta gaje su. Tsarin ƙarin girma yana tambayar malami maƙala nawa ya buga, ba ya tambayarsa ko akwai mai inji ɗaya a unguwarsu da ya amfana da shi. Ga ɗaliban da ke karanta wannan shafi suna tunanin abin yi bayan hidimar ƙasa, masu saye suna nan a shirye. Akwai masu jinyar da na ambata a bakin asibiti, akwai makarantun kwana, akwai dubban matan aure ma'aikata, akwai masu ciwon suga da kullum ƙaruwa suke yi. Wanda ya fara kawo musu gero tsaftatacce, turararre, latsattse, da 'yar ledar kirfa da citta a gefe, ba zai yi tallan shekara ba.

Kafin a samu wannan mutum, a gidana rabon kwana ake yi. Ranakun da safiya ta yi ƙunci kweka ne, sauran kuma gero. Koko na ainihi, mai tsami, ba sukari, Hajiya ta ƙwato wa kanta ranar Juma'a, kofi ɗaya da ƙosai uku, kuma likitarta ta yarda. Ranar da aka fara kai mata ɓarzajjen geron da kirfa, ta shaƙi tururinsa ta ce wannan ai ɗan gida ne ya sa turaren Makka. Ƙorafinta ɗaya shi ne tsakuwa, domin sau biyu tana tauna ta, ga haƙoran sun zama na lallaɓawa. Tun daga nan ta karɓe aikin regewar da kanta, tana cewa 'yan boko ba su iya juya ƙwarya ba. Takan zauna a tsakar gida bayan La'asar da ƙore biyu da bokitin ruwa, kuma tiya guda kan kai ta har kiran Magariba.